Ragar da ke Bakin Injin

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ciwon bayan nan naki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, ina rubuto miki ne da labari marar daɗi. Kin tuna aikin da maigidanki ya samo mini a masana'antar kwanon rufi inda yake shugaban ma'aikata, na ɗaukar hotunan kalanda? Kwana biyu na yi ina hawa tsani ina sauka, kunnuwana kamar za su fashe, ina ta fankama wai na zama babban mai hoto.

To, shekaranjiya babban injin yanka ya cinye wa Dogo yatsu huɗu. Dogo dai shi ne wanda ya riƙe mini tsani, mutum mai 'ya'ya biyar. Na je asibiti duba shi, sai matarsa ta ɗauke kai, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ashe hotona kamfanin ya miƙa wa masu bincike. A ciki ga injin tsaf, da ragar ƙarfen da ke tare hannu a bakinsa. Suka ce ai kullum haka yake, Dogo ne ya cire ragar da gangancinsa. Za su kore shi, kuma da aikin hannuna za su yi.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Kin sha yi mini tsiya cewa ba na zubar da komai, ko kwalin ashana. Haka nake da hoto. Duk inda na je, kafin mutane su shirya nakan ɗauki biyar ko shida don gwada haske, ba na ko kallon abin da ya shiga. Jiya da safe na buɗe na ranar da na ɗauki hoton injin nan. A na farko bakin injin a buɗe yake, Dogo na tura kwano da hannu tsirara. A na uku wani ya ɗauko ragar sabuwa fil, ko ledarta ba a gama ɓarewa ba. A na biyar yana ɗaura ta, saboda hoton da zan ɗauka. Kowanne da ranarsa da lokacinsa.

Yaya, maigidanki ne. Na ƙara girman hoton har sau uku ina roƙon Allah ya zama wani, amma hular da kika saƙa masa ce a kansa.

Na san shi ya saya mini kyamarar nan. Na san idan hoton ya fita, aikinsa ya tafi, kuma ke da yara ne za ku ji a jikinku. Don haka na zauna na gwada yanke shi daga hoton, ta sama, ta gefe, ta ko'ina. Bai yiwu ba, domin ragar a hannunsa take. In na cire shi, na cire shaidar Dogo.

Na kai wa masu binciken ɗazu, yadda yake. Ban so ki fara ji a bakin wani ba. In kin ce kada in ƙara taka gidanki, ba zan ga laifinki ba, amma ki bar yara su riƙa gaishe ni a hanya.

Ƙaninki har kullum,
Auta