Kwalayen Baban Rashida

Gure, ranar Talata

Zuwa ga Malam Mahamadu, lakwal ta Bune.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka. Ni ce Kaltumi, matar abokinka marigayi. Da izinin surukata Ya Kaka nake rubuto maka, don ina cikin takaba, kuma ta ce takarda ta fi waya mutunci. Tana gaishe ka, tana godiya da tsayuwar da ka yi mana. Ba mu manta kana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Juma'a Liman Abatcha ya zo tare da Yaya Isiyaku, wan marigayi, don a tattara kayansa kafin rabon gado. An fito da kayan gyaran babura, an je kwari an duba dabino, sannan aka shigo ɗaki. Ka san kwalayen fayafayan wasan talabijin ɗin nan da ya jera a kanta, saman tele, waɗanda ba ya yarda ko ƙura ta hau su. Liman ya ce a buɗe a ga abin da ke ciki, tunda dukiya ce, kuma akwai marainiya, Rashida. Yaya Isiyaku ya buɗe na farko, babu faifai. Ya buɗe na biye, babu. Haka ya bi su har ƙarshe, ni ina bayan labule ina jin ƙarar buɗewa da rufewa, ina jira in ji ya ce ga ɗaya. Bai ce ba.

Duk unguwa an san mutum ɗaya ne ke zama da shi gaban tele bayan la'asar, kuna ƙwallo kuna ihu har maƙwabta su leƙo. Na ce musu aro ka ɗauka lokacin da aka yi maka canji zuwa Bune, rasuwa kuma ta mantar da kai. Haka na faɗa don haka nake zato. Ka ba direban da ya kawo wannan takarda fayafayan, ka naɗe su a tsumma kada su karce, sai a rufe maganar. Liman ya ɗage rabo har su iso.

Rashida tana tambayarka. Ka huta lafiya.

Kaltumi

Bune, ranar Alhamis

Zuwa ga Maman Rashida.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa ta girmamawa ga Ya Kaka, da ke, da dukan mutanen gida. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Ibram, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Na karanta takardarki a tsaye a tasha, na koma gida na sake karanta ta a zaune. Direba ya koma hannu wofi, ina roƙo kada a ɗauka raini ne. Fayafayan ba sa wurina. Ba sa ma Gure. Suna Damagaram, a shagon wani Burahima mai sayar da kayan wasa, ko kuwa a gidajen waɗanda ya sayar wa.

Ki yi haƙuri da ni in yi bayani irin na aji, kin san halin malami. Wasannin nan yanzu iri biyu ne. Akwai na faifai a kwali, akwai kuma wanda ake saukewa daga intanet kai tsaye cikin injin wasan, kamar yadda ake sauke waƙa a waya. Bara da rani faifan ƙwallonmu ya karce. Kin san yashin Gure, ko cikin tuwo shiga yake. Wasa ya riƙa tsayawa daidai lokacin da mutum zai buga fanareti, Ibram ya ciro faifan ya hura, ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake tsayawa. Na ce masa mu bar wannan wahala. Muka je Damagaram, Burahima ya karɓi fayafayan duka ya musanya mana da na saukewa, har da sababbi. Kwalayen ne kawai Ibram ya hana shi. Ya rungume su a mota tun daga Damagaram har gida, ni ina ta yi masa dariya, ina kiransa mai gadin gidan da ba kowa.

Saboda haka babu abin da ya ɓata. Wasannin suna nan cikin injinsa da ke ƙarƙashin tele. Ki gaya wa Liman ya haɗa injin da abin da ke cikinsa a kayan gado, shi ke nan. In Yaya Isiyaku yana so ya ji daga bakin Burahima, na rubuta lambarsa a bayan takardar nan.

Na so in zo da kaina, amma jarrabawar yara ta matso, daraktan lakwal kuma ba ya sakin kowa. Waya ma a nan sai an hau tudu ake samun rezo, wato sabis.

Ki shafa min kan Rashida. Allah ya ƙara haƙuri.

Naku, Mahamadu

Gure, ranar Litinin

Malam Mahamadu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, mun ga takardarka, na kuma gode da darasi.

Wataƙila marigayi bai gaya maka ba, fayafayan nan yawancinsu ni na saya masa. Duk lokacin da na ɗauki adashin ɗinkina, sai in ba mai zuwa Damagaram saƙo ya taho masa da ɗaya, don shi ba mai yawon fada ba ne, ba ya shan taba, wannan ce kaɗai nishaɗinsa. Shekara guda ke nan ina goge kwalayen nan kowace safiya, ina ɗaga su a hankali kada abin da ke ciki ya motsa. Ashe iska nake lallaɓawa, kuma ku biyu kuna zaune kuna kallona. Wannan tsakanina da wanda ya tafi ne, na yafe masa. Amma na ji kunya, Malam, irin wadda ban san inda zan sa fuskata ba, don a gaban Liman aka karanta, Ya Kaka tana ji.

Yanzu ga wadda ta fi. Jiya da aka kawo kuran, wato wutar lantarki, Liman ya ce a kunna injin a gani. Lawali, ɗan Yaya Isiyaku da ke kwaleji, shi ya kunna. Hotunan wasannin sun fito reras kamar yadda ka ce. Sai dai kowane hoto akwai ɗan kwaɗon kulle a jikinsa, kuma ko ɗaya bai buɗe ba. Lawali ya karanta Faransancin da ya fito, ya ce injin na cewa wasannin na wani ne. Liman ya ce wane ne wanin. Ya karanto sunanka.

Sai Rashida ta ce ai ta sani. Wasan motar nan da ubanta ke ɗora ta a cinya suna yi, ta ce ta faki idona ta kunna tun kafin sadakar bakwai, ta ga kwaɗo. Ba ta gaya wa kowa ba, wai ta ɗauka injin ma takaba yake yi, in na fita takaba shi ma zai buɗe.

Yaya Isiyaku kuwa a ƙofar masallaci ya ce baƙon da ƙanensa ya jawo jiki ya ci dukiyar marainiya. Ni ce na tsaya maka a farko, yanzu mata in sun shigo gaisuwa kallona suke yi. Ban iya bayanin aji ba, tambaya ɗaya gare ni. Ranar da aka fita da gawarsa babu kwaɗo a injin nan. Wa ya sa?

Kaltumi

Bune, ranar Asabar

Zuwa ga Maman Rashida.

Assalamu alaikum. Ina gaida Ya Kaka, in har za ta amsa.

Ni na sa.

Takardata ta farko babu ƙarya a cikinta, amma na zagaye gaskiya na bar ta a tsakiya, kuma na san abin da nake yi. Ga sauran.

Wasan da ake saukewa sai da rajista a intanet, da suna da lambar sirri. Ibram ba shi da irin wannan, ni ina da ita, sai Burahima ya zuba komai a kan sunana. Ibram ya tsaya yana juya hula, ya ce, "To in ba faifai, me zan riƙe in ce nawa ne?" Na ce masa baƙauye, a gaban yaran shago, suka yi dariya. Na ce duniya ta wuce kwali. Ya yarda ne don kada a sake yi masa dariya. A hanya ya ce, "Don Allah kada Kaltumi ta ji, da kuɗin ɗinkinta ta saya." Shi ya sa ya riƙe kwalayen, ni kuwa na mayar da abin wasa.

Ƙa'idar kamfanin wasannin ita ce, kowace rajista inji ɗaya take ɗauka a matsayin na gida, shi ne ke buɗe wasanni ko babu rezo. Muka sa nasa, tunda a ɗakinsa muke wasa. Da aka kawo ni Bune da nawa injin, ba ya buɗe komai, don nan babu rezo. Na haƙura, tunda duk hutu ina Gure.

Bayan jana'iza na dawo nan. Ɗakin ya yi min shiru, na rasa inda zan sa kaina. Wata la'asar na ɗauki injina na kai gidan darakta da ke kan tudu, na haɗa shi da waya. Ya tambaye ni ko ina so wannan ya zama na gida, ya kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa ɗayan zai rufe. Faransanci nake koyarwa, ba zan ce ban gane ba. Na ce a raina wa zai yi wasa a gidan makoki. Na danna. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba na shiga ɗakinsa daga nan Bune na kwashe abin da ke ciki, ko sallama ban yi ba. Rashida ba ta zo min a rai ba ko kaɗan, ni da na koya mata baƙaƙe a tabarmar ɗakin nan. Kuma ban ma yi wasan ba. Na buɗe ƙwallo, na ga ƙungiyar da yake ɗauka kullum, na kashe.

Jiya na hau tudu na kira Burahima, na ce a mayar da komai sunan Rashida. Ya ce ba a yi. Ya ce ni kaina ba mallaka na yi ba, izinin wasa kawai aka ba ni, ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Na tambayi fayafayan, ya ce sun daɗe da tafiya. Ke nan na sa abokina ya ba da abin da yake nasa, wanda zai iya ba da aronsa, ya bar wa ƴarsa, ya karɓo aro da sunan wani. Tambayar da ya yi a shago ita ce daidai, ni ne ban san komai ba.

Na cire injina daga rajistar. A ƙaramar takardar da ke ciki akwai lambar sirri da yadda Lawali zai yi kwaɗunan su tafi. Na yi alkawari ba zan sake shiga ba har abada. Ki ba Liman wannan takarda ya karanta a gaban Yaya Isiyaku, abin da ya faɗa a ƙofar masallaci bai yi min ƙazafi ba.

Maganar jarrabawa kuwa, darakta bai hana ni zuwa ba. Ƙofar gidanku ce ban san da wace fuska zan tsaya a gabanta ba.

Ku yafe min, in za ku iya.

Mahamadu

Gure, ranar Laraba

Malam Mahamadu,

Wa alaikumus salam. Ya Kaka ta amsa gaisuwarka. Ta ce ta yafe nata.

Lawali ya yi yadda ka rubuta, kwaɗuna sun tafi. Liman ya ce abin da ba a iya damƙa wa magaji a hannu ba zai sa shi a rabo ba, wannan ya bar ka da Allah. An raba sauran. Injin da kwalayen sun faɗo a kason Rashida.

Da aka kunna mata, sunanka ne ya fara fitowa, ta karanta shi da kanta. Ta ce, "Inna, Malam zai sake rufewa?" Na ce ka yi alkawari ba za ka yi ba. Ta ce, "Amma zai iya?" Ban saba yi mata ƙarya ba, na ce za ka iya.

Ta kashe injin, ba ta sake taɓa shi ba. Kwalayen ta kwasa ta kai gefen shimfiɗarta, ta jera su yadda ubanta ke jerawa, ita ke goge su yanzu. Na ce mata ai babu komai a ciki. Ta ce ta sani, amma su ba a rufe su daga Bune.

Ka huta lafiya.

Kaltumi