Karenmu Bai Haukace Ba, Amma Ni Kaɗai Na San Haka

Assalamu alaikum Admin, sannu da ƙoƙari. Don Allah a ɗora min wannan ba tare da sunana ba, sunayen da ke ciki ma duk na canza su. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, kuma ku taimaka ku yi sauri, yau Laraba ce, abin da nake tsoro ranar Asabar zai fara.

Shekarata goma sha shida, ina sakandare a nan Maryland. Shekara biyu ke nan da aka kawo ni daga Zariya wurin yayata, zan kira ta Yaya Hafsa, da mijinta Yaya Bashir. A Largo muke zaune, mu uku sai karenmu. Na san da na ce kare wasu sun fara shirya wa'azi, don Allah ku karanta har ƙarshe, wa'azin nan mun sha shi a bakin dangi. Karen na wani abokin aikin Yaya Bashir ne da ya koma wata jiha, ya ce a riƙe masa na wata ɗaya, bai sake waiwayo ba. Sunansa Gyaɗa saboda kalar gashinsa. A ɗakin ƙasa yake kwana, in ya hau matakala iyakarsa bakin ƙofar kicin, nan zai ɗora haɓarsa ya tsaya, ko nama ka jefar a ciki ba zai tsallako ba. Haka aka horar da shi saboda wurin sallah.

Yaya Hafsa nas ce, tana fita kafin bakwai na safe, ba ta dawowa sai bayan bakwai na yamma. Yaya Bashir injiniya ne, duba hanyoyi da gadoji yake yi, wuni yake a mota, ƙarfe huɗu da rabi yana gida. Tsakanin mako a jikin firij suke hira, ita ta bar masa takarda, "Baban Gyaɗa, abincin ɗanka ya ƙare", shi ya rubuta a ƙasa, "An ji ranki ya daɗe, miyar jiya gishiri ya yi mata yawa". Ranar Lahadi ce tasu. Su cika filas da shayi, ta soya doya, a saka Gyaɗa a bayan mota mu tafi bakin ruwa, su yi ta tafiya suna musu a kan wanda ya fi gajiya, ni ina bin su a baya da igiyar kare. Ni ba mai magana ba ce, Yaya Bashir har Gidan Rediyo yake ce min don tsokana. Amma ina kallo. Kuma daga huɗu da rabi zuwa bakwai ni kaɗai ce nake gida da shi.

Wata huɗu da suka wuce ina aikin makaranta a teburin kicin, shi yana zuba shayi, sai Gyaɗa ya fara wani irin kuka ƙasa-ƙasa da ban taɓa ji ba, yana kartar matakala. Can sai ya tsallako cikin kicin. Ya je ya dinga tura gwiwar Yaya Bashir da kansa, ya kama bakin wandonsa yana ja. Yaya Bashir ya kore shi, ya juyo ya tambaye ni wa ke ƙona roba, na ce ni ban ji komai ba. Bai fi minti biyar ba sai na ga shayi yana zuba daga kofi yana bin tebur, shi kuma yana tsaye, idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba, bakinsa yana motsi kamar mai tauna, ɗaya hannun yana ta murza maɓallin rigarsa. Na ce Yaya, na sake cewa Yaya, shiru. Na kalli agogon jikin kukar girki, bai kai minti ɗaya ba, ya dawo hayyacinsa. Ya dubi teburin ya ce, "Gidan Rediyo, ke kika yi wannan ɓarnar?" Dariya yake yi. Wallahi bai san abin da ya faru ba.

Ban faɗa wa kowa ba, na ce ko gajiya ce. Amma na fara rubutawa a bayan littafina na makaranta, ranar da lokacin. Yanzu layi bakwai ne a wurin. Galibinsu haka suke zuwa: Gyaɗa ya yi kukan nan, ya tsallake iyakarsa, Yaya Bashir ya ce yana jin ƙaurin roba, sai abin ya zo. Na biyar ɗin a mota ya same shi. Ina leƙe ta taga, ya dawo daga aiki, Gyaɗa yana ta kuka a ƙasa, na ga motar ta shigo layinmu a hankali, ba ta tsaya a wurinta ba, ta ci gaba da gangarawa har ta goge akwatin wasiƙun maƙwabta. Da Yaya Hafsa ta ga gogewar a jikin ƙofar motar, ya ce mata wani ne ya buge shi a wurin ajiye motoci ya gudu. Ina zaune ina tsince shinkafa, ban ɗago kai ba.

Washegari ya same ni a kicin. Ashe ya ga littafin, na bar shi a buɗe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Ƙanwata, na ga kin zama ɗan sanda." Ya ce ya san akwai abin da ke damunsa, ba yaro ba ne, ya karanta a kai. Ya ce in likita ya rubuta sunan ciwon za a hana shi tuƙi, aikinsa kuma tuƙi ne. Ya tuna min Yaya Hafsa cikinta wata bakwai, jininta ya hau, likitanta ya ce kada a tayar mata da hankali, ya tuna min ɓarin da ta yi bara, ni na riƙe mata hannu a asibiti. Ya ce in ta haihu lafiya da ƙafarsa zai je a duba shi. Sannan ya ce, "Amana na ba ki, kin ji? Ba na neman komai a wurinki sai shirun nan da kika iya." Mutumin nan shi ya cike min takardun zuwa ƙasar nan, shi ya koya min hawa jirgin ƙasa na Metro, ranar da 'yan ajinmu suka yi dariyar Turancina shi ya zaunar da ni yana kwaikwayon nasa na farko har na daina kuka. Na ce to.

Lahadin da ta wuce komai ya lalace. Mun shirya za mu bakin ruwa, Yaya Hafsa har ta shiga gaba da filas a cinyarta, sai Gyaɗa ya ƙi shiga mota, shi da yake rige kowa. Ya fara kukan. Yaya Bashir yana buɗe ƙofar direba karen ya kama wandonsa ya ja da ƙarfi, wandon ya yage, haƙori ya karce masa ƙwauri har jini ya fito. Yaya Hafsa ta yi ihu. Shi kuma da sauri ya ce bari ya je ya wanke yawun kare, ya shige banɗaki ya kulle. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Famfo yana ta zuba, amma babu motsin hannu a cikin ruwan, kun san ƙarar ruwa daban take in ana wanki. Na tsaya ina ƙirgawa a zuciyata har na ji ya yi tari. Da ya fito Yaya Hafsa ta ce ya daɗe, ya ce ai sau bakwai ake wankewa.

Ranar ba mu je ko'ina ba. Yaya Hafsa ta kira Goggonmu da ke Upper Marlboro, wadda tun da aka kawo karen ko ruwan gidanmu ba ta sha. Ina jin muryarta ta waya, "Ba na faɗa muku ba? Yau ƙafar miji, gobe kan jariri. Dabbar da ke kuka ba dalili da rana tsaka ai wani abu take gani, ku fitar da ita ku yi wa gidan nan hayaƙi." Yaya Hafsa ta yi kuka sosai don tana son Gyaɗa, ita ke saya masa rigar sanyi, amma ta ce ba za ta kawo jariri gidan da kare ya fara cizo ba. Ta kira gidan da ake kai dabbobi, sun ce a kawo shi Asabar da safe, kuma tunda ya ciji mutum ba su yi alkawarin za su ba wani shi ba. Na gane abin da suke nufi. Na jira Yaya Bashir ya kare shi, mutumin da ke fita da shi ko dusar ƙanƙara ake yi. Ya ce duk yadda ta gani. Ni a fuskarsa kamar sauƙi na gani ma, domin Gyaɗa ne kaɗai ke tona shi.

Sannan ga wani abu. Don ya lallashe ta, ya kama musu ɗaki a bakin teku, hutun ƙarshe kafin haihuwa, mako mai zuwa, tafiyar awa uku a babbar hanya. Shi zai tuƙa, ita cikinta ya hana ta zama bayan sitiyari. Ni za su bar ni wurin Goggo.

Jiya da yamma ya ɗauko jaka zai je sayayya, sai na ji kukan daga ƙasa. Ban san lokacin da na ɗauke makullin motar na cusa a cikin buhun shinkafa ba. Ya duba aljihu, ya duba kan firij, ya duba ƙarƙashin kujera, sai ya tsaya ya kalle ni. Bai taɓa yi min irin wannan kallon ba. Ya ce, "Ba ni." Na ce ban gani ba, ƙaryata ta farko gare shi. Yana cikin miƙo min hannu abin ya zo masa, hannun a miƙe, bakin yana motsi, Gyaɗa yana kwance a kan ƙafafunsa. Da ya dawo hayyacinsa ya ga makullin a tafinsa, ni na saka masa, da ƙwayar shinkafa a maƙale. Ya dube ta, ya cire, ya fita. Wannan shi ne layi na bakwai.

Na gwada yi wa Yaya Hafsa magana sau biyu. Na farko ta dawo ƙafafunta a kumbure, na kawo mata ruwan ɗumi, na buɗe baki, ta ce, "Auta, in maganar karen nan ce ki bar ni, kaina zai fashe." Na biyu tana auna jininta, na ga lambar, na koma ɗakina. Ita da ke duba marasa lafiya awa goma sha biyu, ba ta taɓa ganin abin da idonta ba, ko sau ɗaya. In na faɗa wa Goggo kuma cewa za ta yi aljanun kare ne suka shafe shi, kafin magariba duk 'yan ƙasarmu da ke nan sun ji. Malamar da ke ba mu shawara a makaranta ma na yi tunaninta, amma ban san inda za ta kai maganar ba.

Don Allah masu aikin asibiti a cikinku, da iyayena mata, ku faɗa min. In na gaya wa Yaya Hafsa jininta ya hau, wani abu ya sami cikin, me zan ce wa Allah? In na yi shiru suka hau hanyar nan fa? Ko in koma wurinsa in ce masa ya faɗa mata da bakinsa kafin Juma'a, in ba haka ba zan ajiye littafin a jikin firij inda suke hira? Yarinya kamar ni tana iya faɗa wa mijin yayarta haka? Shin karya irin wannan amanar zunubi ne?

Jiya na iya ɓoye makulli ne saboda Gyaɗa ya gaya min lokaci ya yi. Ni ba na jin abin da yake ji, na gwada, na tsaya kusa da Yaya Bashir ina shaƙa, turarensa kawai nake ji. Daga Asabar babu mai gaya min. Me zan yi kafin nan?