A Toledo mijina ya buɗe baki, amma na riga na kai ƙararsa gida

Anti Barira, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma da wuri, domin kafin ƙarshen watan nan yayana zai je wajen dangin mijina da maganar da yanzu ba na so a yi ta.

Ni malamar makaranta ce a nan Doha, muna zaune a Al Muntazah da mijina da 'yarmu guda. Zan kira shi Badaruddeen, ko da yake ba sunansa ba ne. Likita ne, a ɗakin da ake sa wa marasa lafiya na'urar numfashi yake aiki. A da mutum ne mai surutu, in muka je kasuwa sai ya tsaya hira da mai sayar da tsuntsaye har ƙafata ta gaji. Da korona ta zo ya koma kwana a falo don kada ya shafa mana, kuma na fahimci wannan. Amma cutar ta lafa, aka buɗe masallatai, aka daina sa takunkumi, shi bai dawo daidai ba. Zai ci abinci, ya ce an gode, ya zauna gaban talabijin a kashe. Bai taɓa zagina ba, bai rage mu da komai ba. In na tambaye shi me ke damunsa sai ya ce khalas, wato in bar maganar, gajiya ce. Na zargi wata mace, na zargi kaina, har asiri na zarga, Allah ya yafe mini.

Lokacin gasar cin kofin duniya 'yarmu ta yi ta roƙonsa ya kai ta bakin teku ta ga 'yan Senegal da gangunansu, ya ce wata rana. Ranar da Maroko ta fitar da Portugal unguwarmu ta rikice da hon ɗin motoci, amma mutumin da a da yake ihu a kan ƙwallo sai ya tashi ya rufe taga. A ranar na kira Yaya Shehu a Zariya, wanda shi ne uba a gare ni tun rasuwar Baba, na ce masa na gaji, zan dawo gida. Ya ba ni haƙuri, na ce babu irin haƙurin da ban yi ba. Ya ce to in ba shi lokaci, zai je ya sami kawun mijina su zauna.

Tun kafin gasar shugabarsu a wajen aiki ta matsa masa ya ɗauki hutun da ya tara, muka nemi bizar Spain, ba ta fito ba sai bayan an gama wasanni. Na so in fasa, sai kuma na ce bari in je, ko ba komai na ga duniya kafin in koma Zariya. Muka bar yarinyar wajen maƙwabciyarmu Veronica, wata nas 'yar Jos, muka tafi Madrid.

Kwanakin farko babu abin da ya canza. Ga sanyi mai shiga ƙashi, ga ni ina jan sa daga fadar sarki zuwa lambun Retiro, shi kuma yana biye da ni da jakata kamar direban da aka ɗauka haya. Duk hoton da muka yi, idonsa na wani waje. Sai muka hau jirgin ƙasa zuwa Toledo, wani tsohon gari a kan tudu, kogi ya kusa zagaye shi, lungunansa kamar na cikin birnin Zariya. Ni na so mu je, don an ce akwai wani ɗan masallaci na tun zamanin Andalus, lokacin da Musulmi ke mulki a can.

Muna hawa wani lungu sai muka riski wani dattijo da matarsa. Akwai siririn tiyo a hancinsa, ita kuma tana jan ƙaramar tukunyar iskar numfashi a kan taya, suna taku kaɗan su huta. Matar ta miƙo wayarta mu ɗauke su hoto. Badaruddeen ya ɗauka, sai ya lura tiyon ya lanƙwashe a bayan kunnen tsohon, ya sa hannu ya gyara. Da guntun Turancinta ta tambaye shi ko likita ne. Ya gyaɗa kai. Ta nuna mijinta, ta ambaci korona, ta nuna da hannu cewa ya daɗe a kwance, an fitar da rai da shi. Sai ta kama hannun mijina da hannayenta biyu ta riƙe, tana ta magana da yarensu, tsohon yana murmushi.

Anti, muna shan kwana mijina ya zauna a kan dakalin wani gida ya fashe da kuka. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin hawayensa ba. Na zauna kusa da shi, mutane na wucewa, ban damu ba. Nan ya fara ba ni labari. Ya ce shi yake riƙe wa marasa lafiya waya su yi sallama da iyalansu kafin a sa musu na'ura. Ya ambaci wani direba Mudasiru, ɗan zangon Kumasi, wanda ya ji daɗi ƙwarai da ya sami likita mai jin Hausa, har ya sa shi ya yi masa alkawarin zai tashi. Bai tashi ba, kuma mijina ne ya kira mahaifiyarsa. Ya ce tun daga nan in ya kalle ni ko 'yarmu, kan gadon nan yake hango mu, shi ya sa yake kawar da kai. Bai taɓa tsayawa ya tuna da waɗanda suka tashi suka koma gida ba sai ranar.

Ba mu ga masallacin ba, mun ɓata a lungunan, an rufe kafin mu isa. Muka sayi wata alewar almon, mai kama da ta gyaɗa, muka ci a kan gada, ya yi ta yi mini tsiya a kan yadda na ɓatar da mu. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ashe ba ƙina yake yi ba.

Mun dawo, kuma alhamdu lillahi yana hira, ya kai yarinyar bakin teku. Amma ya roƙe ni kada kowa ya ji abin da ya faru, don kada a gida a ce likita ya taɓu. Shi bai san na kira Yaya ba. Yaya kuma in na ce masa komai ya wuce ba tare da dalili ba, zai ɗauka tsoro ne ya sa na janye. Ta yaya zan tsayar da shi ban tona asirin mijina ba? Kuma in gaya wa mijina na yi niyyar tafiya, ko in binne maganar?

Taku, Mai Neman Mafita, Doha.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Na taya ki murna, domin abu mafi wuya ya wuce. Saura gyara, kuma ba mai yawa ba ne.

Ki fara da daina ganin laifin kanki. Kin zauna shekaru da mutumin da ba ya kallonki, kin tambaya ba a amsa miki ba, kika kai kuka wajen wanda ya dace. Shi ma mijinki ba wulakanci ya yi miki ba, ciwo ne ya kama shi wanda ba a gani a fuska. Amma shirunsa ya cutar da ke, kuma yana da kyau ya san haka.

Ki kira Yaya Shehu yau, kada ki jira gobe. Ki gode masa, ki ce ya dakatar da zuwa wajen kawun, kun zauna kun fahimci juna, matsalar daga nauyin aikin lokacin korona ce, ba daga zuciyarsa game da ke ba. Wannan gaskiya ce, kuma babu kuka ko dakali a cikinta. In ya yi shakka, ki ce ya ba ku wata uku ya riƙa kiranki yana jin muryarki. Ba bayani yake nema ba, so yake ya tabbatar ƙanwarsa tana lafiya.

Mijinki kuwa ki gaya masa da bakinki, domin maganar da ta shiga kunnen dangi ba ta cika zama waje guda ba, kuma jin ta daga wani zai fi yi masa zafi. Ki zaɓi ranar da ba ya aiki. Ki ce masa kin kusa tafiya don kin ɗauka ba ya son ki, yanzu kin san gaskiya, kuma kina nan. Zai iya yin shiru na kwana biyu. Ki ƙyale shi, kada ki firgita.

Abu na ƙarshe, kada ki ɗauka hutu ya warkar da shi. Ya dai buɗe ƙofa ne. Ki lallaɓa shi ya ga ƙwararre a kan damuwa, shi da kansa ya san wannan ba hauka ba ne, kuma ya san ana riƙe sirri. In wata rana ya sake yin tsit, ki tambaye shi kai tsaye wa ya tuna, ki saurara.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka masa da alheri a kan rayukan da ya yi wa hidima, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ke kuma ya ba ki sanyin zuciya a gidanki. Ki gaishe mini da 'yar taku.

Anti Barira