Motar da Ta Cinye Hannayen Maigidana

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Kanikawa na garejin da aka yi wa motar maigidana aiki, a garin Gombe.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukkan 'yan ƙungiya. Allah ya sa wa sana'arku albarka.

Ranka ya daɗe, ni malamar makaranta ce, Hausa nake koyarwa, ina zaune a unguwar Hammadu Kafi da maigidana da 'ya'yanmu. Na zo ofishinka ba sau ɗaya ba, ban sami ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili. Ban ambaci sunan garejin ba, ban kuma ambaci sunan bakaniken ba. Kun san shi, kuma ba tozarta shi nake son yi ba.

Maigidana, Baban Hanifa, tela ne. Babbar riga da kaftani yake ɗinkawa, kuma duk wanda ya taɓa sa ɗinkinsa ya san hannunsa. Tun yana yaro yake son mota. Ya daɗe yana lallaɓa wata tsohuwa da sai an tura take tashi, har Allah ya buɗa masa ya sayi wadda ransa ke so, irin mai gudun nan da ke da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙarfinsa ya ƙaru. Ranar da ya shigo da ita sai da ya zagaya da mu gari, yana dariya kamar yaron da aka yi wa kayan Sallah. Dillalin da ya sayar masa makulli da takardu kawai ya miƙa masa, bai gaya masa ko kalma ɗaya ba game da yadda ake riƙon irin wannan mota. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya, aikin da aka yi mata. Juyen baƙin mai kawai ya kai shi garejinku. A can wani ɗan ƙungiyarku ya ce masa motar a ɗaure take, Turawa sun danne ƙarfinta, shi kuwa zai iya kwance ta. Ya jona mata kwamfuta ya sauya mata tsari don turbo ya riƙa tura iska fiye da yadda aka ƙera shi. Ya cire abin tace hayaƙi da ke cikin salansa. Ya cire ɗan ƙarfen da ke daidaita zafin inji, wai ƙasarmu ba ta buƙatarsa. Motar kuwa ta ƙara ƙarfi, wannan ban musa ba. Amma ba a jima ba muka fara jin ƙaurin mai in ya tsaya, muna ganin ɗigon baƙin mai a inda take kwana, sannan wata fitila ta kama a gaban direba. Baban Hanifa ya mayar da ita. Bakaniken ya ce haka motocin turbo suke, ya sake jona kwamfuta ya kashe fitilar, ya ce ya je ya more abarsa. Ko ƙarƙashin motar bai leƙa ba. Maigidana ya yarda, don in ba ka yarda da bakanike a kan mota ba, da wa za ka yarda?

Na biyu, ranar da abin ya faru. Da bazara ne, rana tsaka, zai kai mahaifiyarsa, wadda muke kira Dada, wajen bikin suna a garin Kwadon. Dada tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba ta fita daga mota sai an kama ta. Sun kusa isa sai ya ga hayaƙi yana fitowa ta gaba. Ya sauka gefen titi, ya fita ya ɗaga bonet, wuta kuwa ta taso masa. Babu abin kashe gobara a motar. Kafin ya zagayo wajen Dada, wutar ta shigo ta ƙarƙashin gaban motar, ga bel ɗinta ya ƙi kwancewa saboda ruɗewa ta sa ta danne shi da jikinta. Hannu biyu ya sa cikin wutar ya ɓalle bel ɗin ya jawo ta waje. Masu kayan gwari da ke wucewa ne suka taimaka da ƙasa da ruwan jarka, suka kai su asibiti. Dada ta tsira da ɗan ƙuna a ƙafa. Shi kuwa hannayensa sun ƙone tun daga yatsu har gwiwar hannu.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu da alheri. Ciwon ya warke, amma yatsun sun ƙage. Ba ya iya riƙe almakashi, ba ya iya zura zare a allura. Ni nake ɓalla masa maɓallin riga in zai tafi masallaci. Mutumin da ya ɗinka wa rabin unguwa kayan Sallah, bana a kanti muka sayo wa 'ya'yansa. Shagon yana nan, amma masu kawo ɗinki hannunsa suke bi, sun janye ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Dada kuwa ba ta iya kallon hannayen sai ta yi kuka, tana cewa da ya bar ta a ciki, ita da ta riga ta ci zamaninta.

Na uku, abin da muka sani bayan aikin gama ya gama. Yayan maigidana ya kai wani dattijon bakanike, shi ma ɗan ƙungiyarku ne, ya duba gawar motar. Ya nuna masa cewa bututun ƙarfe da ke kai wa turbo baƙin mai an musanya shi da tiyon roba, ga ragowarsa nan a ƙone, kuma farantin da ke tare zafi tsakanin turbo da sauran kayan inji an cire shi ba a mayar ba. Ya ce turbo in ya yi aiki har ja yake yi don zafi, balle wanda aka ƙara wa nauyi, to in mai ya zubo masa me ake jira? Da yayan ya roƙe shi ya maimaita wannan magana a gabanka, sai ya ce a yi masa rai, a gareji ɗaya suke cin abinci.

A bakin wannan dattijo muka ji abubuwan da ya kamata a ce an gaya wa Baban Hanifa tun ranar farko. Irin wannan mota tana da baƙin man da aka ƙayyade mata, ba kowanne ake zuba mata ba, kuma ba a jinkirta juye. Ba a taka ta da ƙarfi da safe sai inji ya ɗumama. In an dawo daga doguwar tafiya ba a kashe ta nan take, ana barinta ta ɗan yi aiki a tsaye don turbo ya huce. Fetur ɗin 'yan bumburutu yana kashe ta. Ruwan rijiya ba ya maye gurbin ruwan lagireto. Wanda ya nace sai ya ƙara mata ƙarfi, to ya fara da birki da tayoyi da abin da ke sanyaya inji, a hannun wanda ya koyi aikin. Kuma ƙaurin mai, ko ɗigonsa, ko fitilar gargaɗi, ba abin da ake kwana da shi ba ne. In hayaƙi ya tashi, mutane ake fara fitarwa, ba a ɗaga bonet. Duka wannan bayani bai ɗauki dattijon tsawon shan kofin shayi ba. Shi ne abin da ke hana ni sukuni.

Na huɗu, yadda aka karɓe ni. Da na je wajen bakaniken, ya jajanta mini, ya ce ƙaddara ce. Ni Musulma ce, na yi imani da ƙaddara, amma ban taɓa jin an ce imani da ita ya ɗauke wa mai sana'a amanar da aka ba shi ba. A ofishinku aka ce in turo namiji. Namijin da zan turo shi ne wanda ba ya son fita cikin mutane yanzu. Da yayansa ya je, aka ce a yi haƙuri za a zauna, har yau ba a zauna ba. Wani lauya da muka nemi shawararsa ya ce babu takardar aiki, babu mai ba da shaida, motar kuma ta zama toka, don haka ba mu da abin riƙewa. Na rasa ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Ranka ya daɗe, ba diyya nake nema ba, don babu abin da zai miƙe yatsun nan. Ga roƙona. Ku kira wannan bawan Allah da ya yi wa motar aiki ku tambaye shi abin da ya yi, ku hana shi taɓa irin waɗannan motoci har sai ya koya. Ku sa doka a tsakaninku cewa duk wanda zai sauya wa mota tsari sai ya rubuta wa mai ita abin da ya cire da abin da ya sa, ya kuma gaya masa haɗarin da ke ciki. Ku hana kashe fitilar gargaɗi ba tare da an gano dalilinta ba. Ku haɗa kai da dillalan motoci, duk wanda ya sayi mai turbo a zaunar da shi a yi masa bayanin nan da muka ji a makare, a kuma tabbatar da abin kashe gobara a cikinta. In da hali, ka zo da kanka ka duba Baban Hanifa. Har yanzu ko mutum ɗaya daga garejin bai tako gidanmu ba, kuma na san yana lura, ko da bai faɗa ba.

Ina roƙon ku gaggauta. Wani tsohon ɗalibina da ke unguwar Malam Inna ya sayi irin wannan mota kwanan nan, ya zo nuna mini. Na tsayar da shi a ƙofar gida na gaya masa duk abin da na rubuta a nan. Ya saurara da ladabi, ya ce in kwantar da hankalina, bakanikensa ƙwararre ne, kuma ya riga ya ba shi ranar da zai kai ta a ƙara mata ƙarfi. Maganar malamarsa ta Hausa a kan inji ba za ta shiga kunnensa ba. Taku za ta shiga.

Allah ya ba ka ikon riƙe amanar shugabanci, ya tsare ka da iyalinka daga abin da ya same mu, ya sa hannuwan 'yan ƙungiyarka su zama sanadin kai mutane gida lafiya.

Wassalam.

Maman Hanifa,
Hammadu Kafi, Gombe.