Gurbi Ɗaya, Miji da Mata Suka Nema

Zuwa ga 'yata Marleny,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da mahaifinki a nan Popayán, da fatan ke da mijinki Ovidio da jikokina kuna cikin ƙoshin lafiya a can Antofagasta. Allah ya ƙara muku kwanciyar hankali. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar babanki da ke damunsa idan ruwa ya sauko, amma bai fasa hawa gonar kofi ba, duk faɗan da nake yi.

Labarin ƙaninki Wilmer da matarsa Dayana ne ya sa na ɗauki biro. Kin san tare suka karanci aikin gona, suka daɗe suna koyarwar wucin gadi nan da can. To, jami'ar garin nan ta fitar da guraben aiki, na koyarwa da na bincike da na ofis. A sashensu gurbin malami ɗaya ne tak, kuma su biyun duk suka nema. Wata Lahadi muna shan romon kaza da ayaba, sai kawunki Hernando ya ce wai Dayana ta janye, kada ta kunyata mijinta a gari. Wilmer ya ajiye cokali, ya ce shi ba zai zauna a kujerar da aka bar masa don tausayi ba. Ita kuma ta yi dariya, ta ce wa kawu ya tanadi hankicin da zai share wa Wilmer hawaye.

Dayana aka ɗauka, Marleny. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya taɓa shi. Ya rungume ta, ya sayo mata fure, sannan ya tattara ya hau gona wurin babanku. Hankalina ya tashi ƙwarai. Dayana ta zo wurina tana kuka, wai da ta sani da ta bi maganar kawu. Na ce mata kada ta kuskura ta nemi gafara don ta yi ƙoƙari.

Ranar da ta fara shiga aji, tana cikin bayani sai ta hango Wilmer zaune a layin baya da takalmin gona. Ya ɗaga hannu kamar ɗalibi, ya jefo mata tambaya mai wuya kan cutar ganyen kofi. Ta amsa masa tsaf, sannan ta ce malam na baya, idan bai yi rajista ba ya jira ta a waje. Ɗaliban da suka gane shi suka fashe da dariya, shi ma har da riƙe ciki. Tare suka dawo gida ranar. Yanzu an kira shi ganawar ɗaukar aiki a gurbin bincike, kuma ita ce ke yi masa bita, tana tsare shi da tambayoyi ba sassauci.

Saura ke. Akwai gurbi a ofishin rajistar ɗalibai, irin aikin da kika ƙware a kai kafin ki tafi, kuma ba a rufe karɓa ba tukuna. Ku yi shawara da Ovidio. Ba zan matsa miki ba, rayuwarki ce. Sai dai jiya na tsinci kaina ina wanke labulen ɗakinki.

Ki gaida Ovidio, ki sumbatar mini jikokina Yeison da Luz Dary. Babanki da gwaggonki Nubia suna gaishe ku.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Amparo