Dariyar da Na Yi a Kwana na Tara

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata, matata, aminiyata, uwar 'yata.

Gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda baki ba zai iya ɗauka ba sai takarda. Ina fata kina lafiya, kina cin abinci, ciwon kan nan kuma ya sake ki. Ya farin watan da ya shige bayan gajimare ya bar ni ina lalube! Ya kurciyar da ta tashi ta bar reshe yana rawa shi kaɗai! Yau wata huɗu da kwana shida rabon da in ji takunki a ɗakinmu. Sau uku ina zuwa gidan Yaya, wanki, sau uku ana ce min kin kwanta. Ban yi musu ba, ban kuma ji haushi ba. Amma akwai maganar da dole in faɗa miki, shi ya sa na ture kayan aiki gefe a kan teburin shago, na share guntayen waya, na zauna rubuta miki. In kin ga dama ki yaga, amma don Allah ki karanta tukuna.

Kin tuna ranar da kika fara sa ƙafa a shagon nan? Ina duƙe a bayan wata tsohuwar talabijin, ƙarfen narka dalma a hannuna, idona a kan madubin da nake jinginawa a gaba don in riƙa ganin hoto ina aiki ta baya. Sai kawai na ga fuska a madubin, fuskar da ba daga tasha aka watso ta ba. Kina rungume da talabijin ɗin Baba, mahaifinki, an naɗe ta da zanen gado kamar jaririya, gumi na tsattsafo miki a goshi kamar raɓa a kan ganye. Ko sallama ba ki ƙarasa ba kika ce lallai a gyara kafin ƙarfe biyar, domin ranar za a nuna kashin ƙarshe na wasan 'yan'uwan nan biyu masu rigima a kan gona, kuma Baba ya ce in bai gani ba, ba mai zaman lafiya a gidan.

Yau zan faɗa miki abin da na ɓoye shekara goma sha ɗaya: waya ɗaya ce ta saki. Aikin minti uku ne. Amma na kwance bayan talabijin ɗin gaba ɗaya, na jera kusoshi, ina girgiza kai kamar likitan da ya ga cuta mai wuyar magani, har biyar ta buga. Dole muka kalli wasan a nan, ke a kan benci, ni a tsaye riƙe da eriya. Kina bayan ƙanen, ina bayan wan. Da aka yanke hukunci kika juyo kika ce, "Ka gani ko? Dama na faɗa maka!" kamar mun shekara da sanin juna. Ranar Baba ya rasa ƙarshen wasansa, bayan shekara guda kuma ya rasa 'ya sukutum. Har ya bar duniya yana kirana ɓarawon wasa.

Wayyo waɗannan shekaru! Ina suka tafi, ya furen da ya buɗe a ƙofar shagona? Ke da dogayen wasanninki na fassara, masu kashi ɗari uku, waɗanda mutum zai mutu a farkon shekara ya dawo da sabuwar fuska a ƙarshenta. Kina kuka da majina saboda an raba wasu masoya a wata ƙasa da ba mu taɓa zuwa ba, ni ina miƙo miki tsumman goge tebur ina cewa ki yi haƙuri, sun riga sun karɓi albashinsu. Ni kuma da wasannina na 'yan sanda, kina ɓata min su tun farko: "Matar ce ta kashe shi, dubi idonta." Kuma kullum matar ce! Mun yi faɗa a kan rimot fiye da yadda muka yi a kan komai, kuma da a ce za a dawo min da faɗan nan ko na yini ɗaya, da na miƙa miki rimot ɗin da hannu biyu.

Wasa ɗaya ne ya haɗa kanmu, shi ma ba mu muka zaɓa ba, 'yarmu Aku ce ta zaɓa mana. Ke kika sa mata wannan suna, don tun tana shekara biyu ba muryar da za ta shiga kunnenta ba ta fito ta bakinta ba: muryar mai kawo ruwa, tarin makwabcinmu, har yadda nake gyaran murya in zan yi ƙarya. Wasan telan nan na ranar Alhamis, biyar da rabi, shi ne nata. Tsohon wasa ne, ya girme ta nesa ba kusa ba, amma ta ɗauke shi kamar don ita aka yi. Tela mai tabarau a kan hanci, wanda bai taɓa ɗinka riga daidai ba, in mai kaya ya zo yana kumfar baki riga ta ƙi shiga, sai ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Ba ni na rage ba, kai ne ka ƙaru!" Kin tuna ta da tabaranki a kan ɗan hancinta, igiyar takalmina a wuya a matsayin abin awo, tana auna cikina tana girgiza kai? Kin tuna safiyar da rigar makarantarta ta matse ta, kina faɗa kina jan zif, ta ɗago ta ce, "Mama, ba tela ba ne, ni ce na ƙaru"? Kika zauna a bakin gado kina dariya har kika kasa tashi.

Shekararta shida. A nan ƙaruwar ta tsaya.

Ba zan ja ki cikin kwana huɗun nan na asibiti ba, kin fi ni sanin kowace daƙiƙa tasu. Abu ɗaya kawai zan faɗa, domin ba ki nan ya faru. Ranar Talata ce, kin sauka karɓo sakamakon gwaji. Akwai talabijin a saman bangon ɗakin, an kashe mata sauti saboda marasa lafiya. Sai ga tela ya fito, ana maimaita wasan Alhamis, bakinsa na motsi ba murya. Aku tana kwance, robar ruwa a hannunta, leɓɓanta sun bushe kamar ganyen da aka tsinka tun jiya. Ta kalle shi, ta kalle ni, sannan ta ara masa muryarta. Can ƙasa-ƙasa, da ƙyar, amma daidai da motsin bakinsa, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya faɗi maganar. Wata tsohuwa mai jinya a gadon gefe ta yi dariya har da riƙe ciki. Aku ta yi murmushi irin na wanda ya gama aikinsa, ta lumshe ido. Washegari kin san abin da ya faru. Na so in ba ki labarin, amma duk lokacin da na buɗe baki sai in ga idonki, in mayar.

To ga kwana na tara. Masu zuwa gaisuwa sun ragu, Yaya ya maida kujerun da ya kawo, gidan ya yi tsit irin wanda ke sa kunne ƙara. Ina zaune a falo ban san inda zan sa kaina ba, hannuna ya kai kan rimot ba tare da na aike shi ba. Ban san Alhamis ce ba, wallahi ban sani ba! Kwanakin sun cakuɗe min. Tela ya gyara tabarau, ya yi ɗan tarin nan, ya buɗe baki, ni kuwa ba muryarsa na ji ba. Muryarta na ji, ya hasken rayuwata. Muryarta, tar, a gefen kunnena na dama, inda take zama. Na ɗan lokaci kaɗan, kamar ƙiftawar ido, na manta. Na ɗauka tana nan. Dariyar ta fito da kanta, kamar yadda ruwa ke ɓalle madatsa.

Sai na ga inuwarki a bakin ƙofa, rigar makarantarta a ninke a hannunki. Kika ce, "Dariya kake yi?" Ba ki ɗaga murya ba. Da ma kin ɗaga! Da ma kin jefe ni da abin da ke hannunki!

A nan na yi laifin da nake neman gafararsa. Ba dariyar ba, abin da ya biyo bayanta. Maimakon in ce zo ki zauna ki ji abin da na ji, kunya da zafi suka rufe min ido, na ce, "To me kike so in yi? In bi ta ne?" Wane irin harshe ne wannan? Wane irin mutum ne zai faɗa wa uwa haka, rigar 'yarta a hannunta? Na ga maganar ta shiga jikinki kamar ƙaya. Kika juya kika koma ɗaki. Da safe na fita shago don ba zan iya haɗa ido da ke ba, na dawo na tarar da makulli a hannun makwabciya.

Tun ranar, ya bishiyar da na jingina da ita shekara goma, rayuwata ta zama talabijin mai hoto ba sauti. Ki duba irin sana'ar da Allah ya ba ni: daga safe zuwa yamma ina tsakiyar akwatunan dariya. Kowace na gyara sai na kunna na gwada, kowace na kunna akwai wani yana tuntsirewa. Sababbin wasanni sun fito, masu kyan hoto, yara a cikinsu suna mayar wa iyaye magana ana tafi. Masu kawo gyara suna tsayawa suna ba ni labarin wanda ya auri wance da wanda ya ci amanar wane, ina gyaɗa kai kamar ina ji. Dogon wasanki na fassara ma ya ƙare watan jiya. Na kalli ƙarshen a madadinki, a tsaye, ina ɗaure kusa. Sun haɗu, masoyan naki. Na juya in ce miki kin ga kukanki ya tashi a banza, sai na ga benci ba kowa a kai. Talabijin ɗin gida kuwa na juya fuskarta bango tun ranar, ban sake taɓa ta ba.

Da ban rubuto ba, da na ci gaba da haƙurin jira, sai dai makon jiya matar Yaya ta kawo min rediyonta gyara, ta faɗa min wata magana. Kada ki yi mata faɗa, tausayi ne ya sa ta. Ta ce ranar Alhamis yaranta sun kunna wasan tela, kika miƙe da sauri za ki bar falon kamar yadda kika saba. Amma ba ki tafi ba. Ta hango ƙafafunki a ƙarƙashin labule, ta leƙa, ta ga kin jingina kai da bango, idonki a rufe, leɓɓanki suna bin maganar. Ta ce ba ta iya gane ko kuka kike ko murmushi ba. Ashe ke ma kina jin ta! Ashe rijiya ɗaya muka faɗa, kowa yana kiran ɗan'uwansa ta bakin da ba a ji!

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni, ban faɗa wa kowa ba. Na fara mantawa. Fuskarta tana nan, akwai hotuna. Amma muryar ta fara dishewa, kamar tashar da ake nisa da ita. Shekaranjiya ina tafiya shago na yi ƙoƙarin tuna yadda take kiran sunan makwabcinmu mai tari, na tsaya a tsakiyar hanya har mai babur ya zage ni, ban tuna ba. Ba mu taɓa ɗaukar muryarta a waya ba. Ni, mai gyaran sauti da hoto, ban ajiye muryar 'yata ba! Kullum ina cewa gobe. A duk faɗin duniyar nan mutum biyu ne kawai suka san yadda take magana tun daga kalmarta ta farko, rabi yana wajenki, rabi yana wajena. In muka ci gaba da zama a rabe, kowane rabi zai bushe a inda yake, mu rasa ta karo na biyu, wannan karon da hannunmu.

Ba na ce ki dawo gida ba, wannan sai ranar da zuciyarki ta yarda. Ba na ce ki manta abin da na faɗa ba, ni ma ban manta ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ranar Asabar da hantsi zan rufe shago in zo ƙofar gidan Yaya. Ba zan aika a kira ki ba, don kada a sake sa ki kwanciyar da ba ki yi niyya ba. Zan zauna a kan dakalin waje. In kin fito, ki zauna ko da nesa da ni ne, ki faɗa min abu ɗaya da ta taɓa cewa wanda ban sani ba, ni ma in faɗa miki ɗaya. In kin yi kuka zan taya ki, domin har yau ban yi nawa a gaban kowa ba, ke na ajiye wa. In kuma dariya ta kufce wa ɗayanmu, kada ɗayan ya tashi.

In ba ki fito ba, zan koma, in dawo wata Asabar, da wadda ke bin ta, har gashin kaina ya yi fari a kan dakalin nan. Ba ni da wata sai ke, ba zan kuma yi ba, ko damina nawa za ta zo ta wuce.

Naki jiya, naki yau, naki har numfashin ƙarshe,
Baban Aku.