Hannun Jarin da Maccido Ya Bari

Goronyo,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga yayana Atiku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar ga ta iske ka lahiya, kai da Asabe da yara, da ruwan Legas da ba ya ɗaukewa. Allah shi ƙara maka lahiya, shi sa albarka ga aikinka. Mu nan mun gode Allah. Inna tana Rimawa, ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa gidan suna da sandarta. Ni kuma na fita takaba ranar Laraba. Na zaɓi in rubuto ne don maganar ga ta fi ƙarfin waya, duk sadda na ɗauko ta sai muryata ta ƙi.

Yaya, da ka zo ta'aziyyar Maccido akwai abin da ban gaya maka ba. Ka tuna shekarar da ruwa ya ci albasarmu, shekarar da ta biyo kuma kasuwa ta faɗi har albasar ta ruɓe muna kallo. Tun lokacin zuciyarsa ta fara fita daga noman rani. Maƙwabcinmu Malam Simeon, mutumin Zuru mai koyar da lissafi a sakandare, shi ya nuna masa yadda ake sayen ɗan hannun jari ta waya cikin manyan kamfanonin Amurka masu ƙera wayoyi da kwamfuta. Malam Simeon kaɗan yake sakawa daga albashinsa, kuma ya gargaɗe shi kada ya sa abin da in ya ɓace zai hana shi barci. Sunka zama su shida, malamai da 'yan kasuwa, suna zama rumfar Mode dillalin albasa bayan la'asar, kowa da wayarsa, suna gardamar wane kamfani zai hau, wane zai sauka. Maccido yakan ce mini ko makiyayi a ƙauyen Lahodu da waya hannunsa, kuma ambaliya ba ta kaiwa ga masu ƙera ta.

Bai tsaya ga kaɗan ba. Ya sai da garkarmu, gonar albasa ta bakin magudanar ruwa, ga Sale na Rimawa, sai da anka gama ciniki ya gaya mini. Na yi kwana uku ban yi masa magana ba. Ya ce don karatun ɗiyarmu Ruƙayyatu ya yi, so yake ta zama likita ba tare da ya jira abin da albasa za ta yi ba. Shekarar farko abin ya yi kyau, yana nuna mini koren layin farashi a wayar yana hawa, yana dariya kamar yaro. Sai kuma anka wayi gari ya koma ja, ya yi ta sauka mako bayan mako. Ya rage cin abinci. Ko tuwo na aje masa, wayar na gefen kwano. Hawan jinin da muke lallaɓawa ya tashi, ranar da ya faɗi cikin gonar da ta rage ma wayar na aljihunsa. A asibiti, sadda bakinsa ya ɗan buɗe, ya riƙe hannuna ya kira sunana ya ce, "Kyauta, kar ki bari a sai da. Na Ruƙayya ne." Bai ƙara wata magana da na gane ba.

Abin da ke cin raina, Yaya, ba a yi wata biyu da rasuwarsa ba farashin ya dawo, har ya wuce inda yake da. Da ya ga haka da idonsa, wataƙila da ya ci abinci ya ƙoshi ko sau ɗaya. Na san kwana ne ya ƙare, ina neman gafarar Allah kan tunanin ga, amma yana zo mini.

Yanzu 'yan rumfar sun rabu biyu, kowa na aiko mini da shawara. Mode ya ce kada in kuskura in taɓa, wai kamfanonin sun shiga ƙera na'urori masu amsa tambaya kamar mutum, tafiyar yanzu ta fara, wanda ya fita zai yi kuka. Malam Simeon kuwa ya zo da matarsa Rose, ya zauna zaure, ya ce shi tsoro yake ji, farashin ya kumbura fiye da hankali, ya riga ya fidda rabin nasa. Ya ce in abin zai rushe manya ka fara ficewa, ƙanana irinmu sai daga baya muke ji. Daga nan ya roƙe ni gafara don shi ya nuna wa Maccido hanyar. Na ce masa babu komi tsakaninmu sai alheri, shi da ya kwana huɗu yana jinyarsa.

Liman ya ce dole abin ya shiga rabon gado, wasiyya ga magaji ba ta tsayawa sai sauran sun yarda. Tsohuwar Maccido ta ce ta yarda da duk abin da na gani. Sale kuma, Allah shi saka masa, ya aiko cewa zai maida muna garkar a kuɗin da ya saya, in dai kafin a saki ruwan noman rani daga dam ne, in ya dasa albasa shi ke nan. Na zaunar da Ruƙayyatu na tambaye ta mi take so, tunda da sunanta anka yi. Ta ce, "Inna, in anka bari ke za ki koma kallon wayar ga. Ba ni iya rasa ku biyu." Ta ce ko karatun zai jinkirta shekara guda ta yarda, ƙannenta su samu inda za su noma.

Don haka na yanke a sai da. Na saɓa wa maganarsa ta ƙarshe, kuma ban sani ba ko daidai na yi. In farashin ya ci gaba da hawa za a ce na yi wauta, in ya faɗi a ce na yi dabara, alhali ni ba ko ɗaya, tsoro ne kawai da 'ya'ya uku. Jiya munka tahi Sakkwato da Malam Simeon na sa hannu ga takardun magada. A saman takardar an rubuta sunansa cikakke, da "marigayi" a gaba. Wata huɗu ina jin kalmar a bakin mutane, ban taɓa ganin ta a rubuce ba. Sai da ma'aikacin ofishin ya nuna mini wurin sa hannu sau biyu kafin na gani.

Abin da nike roƙo, tunda ka san aikin banki, zan turo maka hotunan takardun ka duba kada a yi kuskure. Sannan ka gaya mini gaskiya, ba don ka lallashe ni ba, ko na ci amanarsa. In na ci, ka taya ni roƙa mini gafara.

Ka gaishe mini da Asabe, ka ce zanen da ta aiko ya iso, yau na fara ɗaura shi. A gaida yara, Safara'u da Sabuwa, Allah shi ba su sa'ar jarrabawa. Inna da Ruƙayyatu suna gaishe ku. Ka riƙa sa Maccido cikin addu'a.

Ƙanwarka,
Kyauta.